Duwala ko Kano? Tukuna, wace irin sankara ce?

A Kilomita Biyar idan aka ce matar wane "tana fama da ƙirji", an gama magana, ba mai ƙarasawa. Kafin mako ya zagayo takarda ta fara yawo rumfa-rumfa, daga masu atamfa zuwa masu kayan babur, wannan ya sa jaka biyar, wancan jaka ashirin. Halinmu ne, kuma abin yabo ne. Daga nan shawara sai ta tsaya kan abu ɗaya: Duwala za a kai ta, ko gida za a mayar da ita, Kano ko Zariya? A yi lissafin kuɗin mota, a nemi wanda za a sauka wurinsa. Tambayar da ba na jin ana yi ita ce wadda likitan can zai fara yi da zarar an zauna gabansa: wace iri ce?

Sankarar mama ba ciwo ɗaya ba ce. Mu 'yan kasuwa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Ga turmi biyu, zane ɗaya, launi ɗaya, ɗaya 'yar Holan ɗaya kwaikwayo, baƙo ba zai rabe ba sai an kai ga wanki. Haka mata biyu za su zo da ƙulli iri ɗaya a ido, girma ɗaya, shekaru ɗaya. Ta farko ƙwayar magani mai araha ta riƙe ta shekara da shekaru. Ta biyu kuwa ko buhu guda ta sha na wannan ƙwayar, kamar ta sha ruwa. Bambancin yana can cikin naman, inda ido ba ya kaiwa, kuma masana sun kwashe fiye da shekara ɗari suna tono shi.

Kwado da mabuɗi

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Kowace ƙwaya tana ɗauke da rubutaccen umarni, wanda ake kira ƙwayoyin gado, mai gaya mata yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta tsaya. Sankara ita ce ƙwayar da rubutunta ya ɓaci, ta yi ta haihuwa ba tsayawa. To amma ko ɗan tawaye sai da mai ba shi abinci. Abin da bincike ya bi diddigi ke nan: wa ke ciyar da ita?

A 1896 wani likitan fiɗa a birnin Glasgow, George Beatson, ya ba da rahoton yadda ya cire wa wata mata mai sankarar mama ma'ajiyar ƙwan haihuwarta, sai ciwon ya ja da baya. Aka gwada a wasu matan, wasu suka samu sauƙi, da yawa ba su samu ba, kuma ba wanda ya san dalili. Sai a 1958 Elwood Jensen na Jami'ar Shikago a Amurka ya nuna cewa akwai wani abu a cikin ƙwayoyin jiki mai kama sinadarin mata, wato istirojin. Ka ɗauke shi kamar kwado, istirojin kuma mabuɗinsa. Idan mabuɗi ya shiga ya juya, ƙwaya ta samu izinin rabuwa. Sankarar da ke da wannan kwado da istirojin take rayuwa. Wadda ba ta da shi ba ruwanta.

Daga nan aka gane amfanin tamoksifen. Abin dariya, kamfanin ICI na Ingila ya haɗa shi ne da nufin hana ɗaukar ciki, bai yi wannan aikin ba, sai ga shi ya yi wanda ya fi. Mabuɗi ne da ke shiga kwadon ya ƙi juyawa, ya tare ramin, na gaskiya ya rasa wurin shiga. A 2011 masana a Oxford suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje 20 da aka yi da mata sama da 20,000. Ga masu sankara mai kwado, shan ƙwaya ɗaya kullum na shekara biyar ya rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku, a tsawon shekara 15. Ga waɗanda tasu ba ta da kwado, kusan babu abin da ya yi.

A nan zan ɗan tsaya, don magana ce ta cikin gida. Duk mun san yadda ake cinikin magani a kasuwanninmu. Hajiya ta ji ƙanwar maƙwabciyarta ta samu sauƙi da tamoksifen, sai a aiki yaro da kwalin ya samo irinsa. Ko da an dace na ƙwarai ne ba jabu ba, in ba a gwada naman ba, caca ce. Kuma ba alewa ba ce: yana iya kawo daskarewar jini, yana iya taɓa mahaifa, mai ciki ba ta sha. Matan da suka daina al'ada ma sau da yawa wasu ƙwayoyin ake ba su, irin letrozol, masu hana jiki haɗa istirojin ɗin tun daga tushe. Likita ne mai zaɓa.

A takardar gwaji wannan kwado shi ne ER, ɗan'uwansa kuma PR. Idan takardar ta Faransanci ce, kamar namu na nan da na Kamaru, za ka ga RE da RP. Abu ɗaya ne.

Na uku shi ne HER2. Shi ba a cikin ƙwaya yake ba, a jikin bangonta yake ta waje, kamar eriya mai kama saƙon "ƙaru". Lafiyayyar ƙwaya tana da shi daidai gwargwado. A wasu matan, wajen 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu ciwon, umarnin da ke ƙera eriyar ya maimaitu sau da yawa, sai bango ya cika da ita, ƙwaya ta yi ta jin kira ko ba mai kiranta. Dennis Slamon na Los Angeles ya nuna a 1987 cewa irin wannan ta fi saurin dawowa, ta fi saurin kisa. Shekara 11 bayan haka, a 1998, aka amince da allurar trastuzumab, wadda aka fi sani da Herceptin, mai manne wa eriyar. Da aka haɗa ta da kemo a matan da aka yi wa aiki da wuri, dawowar ciwon ta ragu da kusan rabi. Irin da a da aka fi tsoro sai ta koma cikin waɗanda ake da makamin yaƙarsu.

Sai dai kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin magungunan dole a 2015, kuma a ƙarshen 2019 ta tantance ta farko cikin masu kama da ita da wasu kamfanoni ke yi. A lokacin hukumar ta ce ta asali tana cin kimanin dala 20,000, wato sama da sefa miliyan goma, makamanciyarta kuma takan fi araha da wajen kashi 65 cikin ɗari. Ko hakan ma jarin mutum guda ne. Ana yin ta duk mako uku har shekara, ana duba zuciya a kai a kai. Ka ga kuwa wannan ba kuɗin da za a zuba a kan tsammani ba ne. In takarda ta ce 3+, akwai shi. In ta ce 0 ko 1+, wannan allurar ba tata ba ce. In ta ce 2+, ba a yanke ba, sai an ƙara wani gwajin.

Akwai kuma wadda duka ukun babu: ba ER, ba PR, ba HER2. Ita tamoksifen ba ya kama ta, Herceptin ba ta kama ta, ta fi samun mata masu ƙuruciya, kuma tana da gaggawa. Amma kada a ji haka a ce an yanke ƙauna. Sau da yawa tana jin kemo sosai, shi ya sa likitoci kan fara da ƙarin ruwan kafin wuƙa. Akan samu matan da in an zo aiki ba a tarar da ko ƙwaya ɗaya mai rai ba, kuma waɗannan sun fi samun tsawon kwana.

Gardamar Ibadan

Wannan iri na ƙarshe shi ya jawo gardamar da ta fi shafarmu. A 2009 ƙungiyar Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke aiki a Jami'ar Shikago, ta fitar da binciken naman mata 507 daga Najeriya da Senegal. A rukunin farko na matan, 24 cikin ɗari kacal ke da ER, fiye da rabi kuma ba su da ko ɗaya cikin ukun. A ƙasashen Turawa kuwa wajen kashi 70 zuwa 80 ke da ER. Magana ta bazu: sankarar baƙar mace daban ce, mai tsanani ce, ƙwaya ba ta yi mata.

To amma shekara ɗaya kafin nan, a 2008, Clement Adebamowo da abokan aikinsa a Ibadan sun gwada naman mata 192, suka samu 65 cikin ɗari na da ER. Ƙasa ɗaya, kusan lokaci ɗaya, wannan ya ce 24, wancan ya ce 65. Wa za a bi?

A 2014 wasu masana suka tattara bincike 80 da aka yi a Afirka, mata sama da 17,000, suka jera su. Sai ga wani abu ya fito. Inda aka shirya tun farko, aka karɓi naman sabo aka kula da shi, wajen 59 cikin ɗari na da ER, marasa ukun kuma wajen 21. Inda aka je aka kwaso tsofaffin nama daga ma'ajiya, adadin masu ER ya faɗi. Ma'ana, wani ɓangare na abin da aka ɗora wa jinin baƙar mace, laifin kwalba ne.

Ni dai a ganina duk ɓangarorin biyu suna da gaskiyarsu. Marasa ukun sun fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, wannan bincike da dama ya nuna shi. Amma mafi yawan matanmu, in an gwada da kyau, tasu mai kwado ce, wadda magani mai araha ke yi wa aiki. Kuma duk wanda ya taɓa ɗauko kifi ko tumatir daga nesa ya san yadda kaya ke mutuwa a hanya. Kwadon nan da ake nema abu ne mai lalacewa. Da zarar an yanko naman daga jiki ya fara ruɓewa daga ciki. Ƙa'idar masu gwaji ita ce a tsoma shi cikin ruwan fomalin, wanda a nan ake ce wa formol, kafin awa ɗaya ta cika. Ruwan ya ninka naman kamar sau goma. In babba ne a tsattsaga shi don ruwan ya ratsa. Ya zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72, ba ƙasa ba, ba sama ba. In aka saɓa, gwaji na iya cewa "babu" alhali akwai, a hana mace maganin da zai riƙe ta.

Na san gidan da aka yi wa uwargida aiki a wani asibiti, aka miƙo wa mijin naman cikin robar da ruwan bai ko rufe shi ba, aka ce ya kai ɗakin gwaji. Kuɗi sun ƙare a wurin aikin. Robar ta kwana tara a ƙarƙashin gado cikin zafin nan na Bangi kafin a haɗa na gwaji. Ba sakaci ya yi ba, ba wanda ya gaya masa cewa agogo na tafiya. Da ya sani, a ranar zai zo kasuwa ya ranta, kuma ba mai hana shi.

Abin da ke hannunmu a Bangi

Augustin Balekouzou da abokansa sun bi takardun ɗakin gwajin ƙasa da na asibitocin Bangi daga 2003 zuwa 2015, suka samu mata 174 da aka tabbatar da ciwon a namansu. Matsakaicin shekarunsu wajen 46, wato mata masu goyo da 'yan makaranta a gida. Mutum 174 a shekara 13, a ƙasar da ke da miliyoyin mutane. Kada wani ya ce ashe ciwon ba shi da yawa. Wannan lissafin waɗanda namansu ya kai gaban madubin likita ne. Sauran mu muka yi musu sutura, aka ce daji ne, ko aka ce sammu.

Kuma akwai maganar da ke tare hanya, wadda na ji tun ina yaro a bakin iyayenmu mata: wai daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata. Na gane inda ta samo asali. Mace ta ɓoye ƙulli shekara guda don kunya, ana shafe-shafe, sai ya fashe sannan a kai ta, a yi aiki, bayan wata uku ta rasu, a ce wuƙa ce. Ai ciwon ya riga ya bi kaluluwar hammata ya isa ƙashi ko huhu tun kafin likita ya gan ta. Allurar da ake ɗebo nama da ita siririn zare take cirowa, ana kashe wurin da magani, mace ta koma gida a ranar. Ba tare da ita ba, ba ER, ba HER2, ba komai sai lalube. (Maganar cewa ajiye kuɗi ko waya a rigar mama ke kawo shi kuwa, ba binciken da ya tabbatar. Ku bar 'yan kasuwarmu mata da asusunsu.)

Tafiya dai kusan ba makawa, domin ƙasar nan tana cikin ƙasashen Afirka da ba su da na'urar gashi. Akwai sashen gashi a Babban Asibitin Duwala, sama da kilomita 1,400 ta hanyar Garwa-Bulai. Akwai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. 'Yan'uwanmu na Nijar sun samu tasu a Yamai a 2021. A buga waya a ji ko na'ura na aiki kafin a hau mota, don takan tsaya. Amma abin da nake so Alhaji ya riƙe shi ne wannan: bayan an jiƙa naman a fomalin, masu gwaji kan daskarar da shi cikin kaki, ya zama ɗan bulo da bai kai kwalin ashana ba. Wannan bulon ba ya son firji, ba ya ruɓewa, yana shekaru. Daga jikinsa ake yanko siraran falle a yi gwajin nan uku, wanda a Turanci da Faransanci duka ake taƙaita sunansa IHC. A tambayi likita ko za a yi shi a nan ko aikawa za a yi. In za a yi tafiya, a nemi bulon da takardar sakamako a tafi da su, kamar yadda ba ka barin takardun kwastan a gida. Likitan Kano ko na Duwala zai iya sake gwadawa ba tare da an sake huda mace ba, a ceci makonni da kuɗi.

Wani reshe na binciken ya shafi gado. Mary-Claire King ta nuna a 1990 cewa akwai sankarar mama mai bin zuri'a, daga baya aka gano ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda aikinsu gyaran rubutun ƙwaya ne idan ya ɓaci. A 2018 aka gwada mata 1,136 masu ciwon a Najeriya, aka samu kusan 15 cikin ɗari sun gaji wata tawaya, mafi yawa a waɗannan biyun. Kowane ɗa ko 'ya yana da rabi da rabi na ɗauka, kuma ta wajen uba ma ana gado. Don haka dangin miji su rage yi wa dangin mata gori. Maza ma suna kamuwa, wajen ɗaya cikin ɗari na masu ciwon. Gidan da uwa da 'ya, ko 'yan'uwa biyu, suka yi shi da ƙuruciya, a gaya wa likita, 'yan matan gidan su fara duba kansu da wuri.

Akan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A wannan kam, rabinsa na mai riƙe da aljihu ne. Wani babban bincike da aka buga a 2020 ya bi mata a ƙasashe biyar na Afirka. Bayan shekara uku da gano ciwon, 36 cikin ɗari ne ke raye a Najeriya, 44 a Yuganda, alhali fararen matan Namibiya 90. Masu binciken sun ƙiyasta cewa zuwa da wuri da samun cikakken magani za su hana kusan kashi ɗaya cikin uku na mace-macen. Kalmar "cikakken" ita ce a kanmu. Kemo zagaye-zagaye ne, sau da yawa shida ko takwas, domin kowane zagaye wani kaso yake kashewa. Bayan na biyu ko na uku ƙulli ya motse, gashi ya zube, kuɗi sun yi ƙasa, sai a ce ai ta warke, a dawo kasuwa. Waɗanda suka saura a ciki kuwa su ne masu taurin kai, su za su sake tasowa. Sanin irin ciwon tun farko shi ke ba ka damar yin lissafin fatake: wata nawa, allura nawa, me za a sayar, nawa za a ajiye don zagayen ƙarshe. Takardar taimako da ke yawo a kasuwa ma gara a raba abin da aka tara, kada ya ƙare a makon farko. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2021, ta sa ma'aunin cewa daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti zuwa ranar da aka gama gano ciwonta kada a wuce kwana 60.

Akwai wani abu da nake sa wa ido. Na'urar GeneXpert, wadda ake gwajin tarin fuka da ita a ƙasashenmu, kamfanin da ke yin ta ya fitar da wani ɗan kwanso mai suna STRAT4. Ana sa ɗan falle daga bulon nan a ciki, cikin kamar awa biyu ya karanta saƙon ER da PR da HER2, har da ma'aunin saurin rabuwar ƙwayoyin. An gwada shi a Ruwanda da naman da aka sarrafa a can, aka kwatanta da gwajin da aka saba, sakamakon ER da HER2 ya yi daidai a mafi yawan matan. Shi ma dai da bulo yake aiki, bulon kuma daga robar nan yake farawa, a awar farko bayan an fito daga ɗakin tiyata.